Masu bin futi: wane ɗan wasan kulob ɗinku kuka fi so, na da da na yanzu?

Bakano_Footscray:
Assalamu alaikum jama'a. Tunda kakar AFL, babbar gasar futin Ostireliya, ta ƙare kuma zauren nan ya yi tsit, ga tambaya. Kowa ya faɗi kulob ɗinsa, ya kawo ɗan wasa ɗaya na da, ɗaya na yanzu, wanda ya fi kwanta masa a rai. Ban ce wanda ya fi kowa iyawa ba. Wanda in ƙwallo ta shiga hannunsa sai ka gyara zama.

Ni Richmond nake yi. Na da, Bachar Houli. Ɗan baya ne, amma ba irin mai tsayawa wuri ɗaya ba, da ya karɓi ƙwallo sai ya ɓalle da gudu ya aika ta da ƙafar hagu inda ya ga dama. Kofi uku ya ɗaga da mu, 2017, 2019 da 2020, kuma a biyun farko shi ya zo na biyu a ƙuri'ar gwarzon fainal. Bayan haka, Musulmi ne da gemunsa, yana wasa gaban mutum dubu ɗari a MCG, babban filin Melbourne, bai taɓa ɓoye addininsa ba. Na yanzu, kyaftin Toby Nankervis, don ya tsaya lokacin da manya suka watse.

Damisa_04:
Wa alaikumus salam. Yaya Bakano, kulob ɗinmu ɗaya, amma gaskiya na yi mamaki. Ka ce Houli ya zo na biyu sau biyu, to wa ya zo na ɗaya? Dustin Martin! Lambar Norm Smith ta gwarzon fainal sau uku, 2017, 2019, 2020, ba wanda ya taɓa yin haka. A 2017 ya haɗa Brownlow, lambar gwarzon ɗan wasan kaka, da kofi da Norm Smith a kaka ɗaya. Ka tuna fainal ɗin 2020 a filin Gabba na Brisbane da Geelong suka ba mu ratar maki 22 a zango na biyu? Dusty ne ya ci gol ana gab da tafiya hutu, ya dawo mana da rai. Gol huɗu ya ci a daren, na ƙarshen ma sai da ya yakice Dangerfield na Geelong daga jikinsa sannan ya murɗa ta daga gefen fili. Kuma wannan hannun da yake kafa wa mutum a ƙirji ya ture shi, sai ka ce ɗan damben gargajiya. Shekara 37 Richmond ba kofi, tun 1980. Ba don shi ba da har yau muna jira.

Ummu_Sadiq_Perth:
Ku mutanen Melbourne kullum kun ɗauka ku kaɗai ne a ƙasar. West Coast. Nic Naitanui, ba na ko tunani. Iyayensa 'yan Fiji ne, ga tsawo ga tsalle, in aka tashi ƙwallo a tsakiya sai ya taɓo wa ɗan'uwansa ita a hannu daidai. Abin da ya fi min ciwo shi ne gwiwa ta hana shi buga fainal ɗin 2018 da muka ci. Na yanzu Harley Reid, kodayake yaron yana buƙatar ya rage zafin kai.

Sani_Zariya:
Don Allah ku yi haƙuri da mu na gida. Ƙanina da ke karatu can ya saka ni a zauren nan. Wannan wasan shi ne rugbi, ko kuwa irin na Amurka mai hular kwano?

Malam_Werribee:
@Sani_Zariya ba ko ɗaya ba, nasu ne na kansu, a Melbourne aka faro shi tun wajen 1858. Filin kamar na kurket yake, mai siffar ƙwai, mutum 18 kowane ɓangare. Ba raga, sanduna huɗu ne a kowane ƙarshe. Ka buga da ƙafa ta bi tsakanin dogayen biyu na tsakiya, maki 6. Ta bi gefe ko ta daki sanda ko wani ya taɓa ta, maki 1. Ba a jefa ƙwallo, sai dai ka ɗora ta a tafin hannu ka naushe ta da ɗayan. In kana gudu da ita, duk mita 15 sai ka buga ta a ƙasa. In wani ya bugo ta da ƙafa daga nesa ka cafke kafin ta taɓa ƙasa, ba mai taɓa ka, bugu naka ne. Shi ya sa za ka ga mutum ya haye kafaɗar wani da gwiwa ya cafko ta a sama, kuma doka ta yarda. Ba satar gida. Zango huɗu ake yi. Ba sulke ba hular kwano, riga ce mai yankakken hannu da gajeren wando.

Hafsy_Broadmeadows:
Ina bayan Yaya Bakano. Houli shi ne Musulmi na farko a AFL, wannan kaɗai ya isa.

Dattijo_Coburg:
'Yata Hafsy, a nan kam akwai gyara. Kafin Houli akwai Adem Yze, asalinsu 'yan Albaniya, ya buga wa Melbourne wasa 271, kuma shi ne aka ba kocin Richmond daga 2024. Akwai Sedat Sir ma a Bulldogs, asalin Turkiyya. Abin da ya bambanta Houli shi ne yadda ya fito da ibadarsa fili. Shi ya nemi a samar da ɗakin ibada a filayen wasa, AFL ta amince a 2012, aka yi ta surutu a jaridu har wasu manya suka soki abin. Duk wanda ya taɓa yin la'asar a cikin fili ba tare da ya raɓe bayan matakala ba, ya san amfanin wannan. Kuma Essendon ce ta fara ɗaukarsa a 2006, ba Richmond ba, su suka bar shi ya tafi a ƙarshen 2010.

Ni ma Essendon ɗin nake yi. Nawa Michael Long ne. Fainal ɗin 1993 da Carlton, yadda ya riƙa keta tsakiyar fili ba mai kama shi. Shi ne kuma ya tsaya kai da fata a 1995 sai da aka kafa dokar hana zagin launin fata a cikin wasa, sannan a 2004 ya kama hanyar Canberra a ƙafa don a saurari kukan mutanensa 'yan asalin ƙasar. Na yanzu ba zan faɗa ba, raina a ɓace yake. Tun 2004 ba mu ci wasan zagayen ƙarshe ko ɗaya ba.

Dan_Maiurno:
Salamu alaikum. Mu Hausawan Sudan namu zaɓin a fili yake. Majak Daw, North Melbourne. A Khartum aka haife shi, iyalinsa suka bi ta Masar suka iso nan a 2003, hanyar da da yawanmu muka sani. Shi ne ɗan Sudan na farko da ya buga AFL. Wasansa na farko a 2013, bugunsa na farko gol ne. A shekarar ya zura wa Bulldogs shida a wasa ɗaya. Cafkar da ya yi a kan Collingwood a 2016 ita aka zaɓa ta shekara.

Na san in aka zo lissafi ba za a sa shi kusa da Wayne Carey ko Brent Harvey mai wasa 432 ba. Bai ma kai wasa sittin ba. Amma a ƙarshen 2018 ya samu mummunan rauni a ƙugu, aka ce ko tafiya da ƙyar zai sake yi daidai, ya sha fama da ciwon damuwa kuma ya fito ya faɗa da bakinsa. A 2020 ya dawo fili ya ci gol, 'yan wasan duka suka ruga suka rufe shi. Ni ranar na yi hawaye. Yaranmu baƙaƙe da suke buga futi a Tarneit da Melton yau, shi ya buɗe musu ƙofa. Na yanzu Harry Sheezel.

Injiniya_Adelaide:
@Dan_Maiurno Allah ya saka. Ƙofar da Majak ya buɗe kuwa an shiga. Aliir Aliir namu na Port Adelaide, a sansanin 'yan gudun hijira na Kakuma a Kenya aka haife shi, ya fara a Sydney, shekarar da ya zo mana, 2021, aka sa shi a tawagar gwanayen ƙasa. Mutumin yana karanta inda ƙwallo za ta sauka tun kafin a buga ta. Ga Changkuoth Jiath, ga Mabior Chol, ga Mac Andrew a Gold Coast. Na da kuwa Gavin Wanganeen, kyaftin ɗinmu na farko a AFL, yana cikin waɗanda suka ɗauko kofin 2004.

Zango_Kumasi:
Ku bar Sudan haka, Gana ma tana ciki. Isaac Quaynor na Collingwood babansa mutumin Gana ne, da shi aka ɗaga kofin 2023 da muka ci Brisbane da maki huɗu. Joel Amartey na Sydney da Connor Idun na GWS su ma haka. Amma in gaskiya ake so, nawa Scott Pendlebury ne, kuma shi kaɗai ya cike min gurbin na da da na yanzu. Kofi a 2010, kofi a 2023, wasa sama da 400. Ba shi da gudu, amma in ya riƙe ƙwallo sai ka ga kowa ya rage sauri. Ƙwallon kwando ya fara yi yana yaro, shi ya sa cunkoso ba ya ruɗa shi. Nick Daicos kuma Allah ya ja kwana, za a daɗe ana maganarsa.

Baban_Amira_Lakemba:
Malam Zango, ba don in ɓata maka ba, amma ni na kasa gane yadda baƙar fata zai sa rigar Collingwood. A filinsu na Victoria Park ne magoya baya suka yi ta zagin Nicky Winmar na St Kilda a 1993, har ya ɗaga riga ya nuna fatarsa. A wasa da su ne a 2013 wata yarinya ta kira Adam Goodes da sunan biri. Héritier Lumumba, ɗan wasansu da ya ci musu kofi, ya shekara da shekaru yana kuka ba a saurare shi ba, sai da rahoton da kulob ɗin ya sa aka yi ya fito a 2021 ya tabbatar da akwai wariya a tsarinsu, shugabansu Eddie McGuire ya sauka.

Ni Sydney nake yi, Goodes shi ne nawa. Brownlow biyu, 2003 da 2006, kofi biyu, 2005 da 2012, wasa 372, gwarzon Ostireliya na 2014. Mutum irin wannan aka riƙa yi wa ihu a filaye duk inda ya je, har ya ajiye wasa a 2015 ba tare da zagayen bankwana a ranar fainal ba. Sai 2019 AFL da kulob 18 suka ba shi haƙuri. Da aka so a saka shi a zauren gwanaye ya ce ba ya so, kuma ban ga laifinsa ba.

Zango_Kumasi:
Baban Amira, duk abin da ka faɗa ya faru, ba na musu. Amma ihun da aka yi wa Goodes ba 'yan Collingwood kaɗai suka yi ba, kusan kowane fili aka yi. Ayabar da aka jefi Eddie Betts da ita a 2016 ma ba a Melbourne aka yi ba. In za mu bar kulob saboda wannan, sai mu bar wasan gaba ɗaya. Gwarzon fainal ɗinmu na 2023, Bobby Hill, ɗan asalin ƙasar ne. Ni na zaɓi in zauna a ciki in ga an gyara.

Malam_Werribee:
Ku biyun kowa da hujjarsa. Mu koma kan 'yan wasa don kar zaren ya ɓace.

Baban_Amira_Lakemba:
To. Bari in ƙara Buddy Franklin, kodayake 'yan Hawthorn za su ce nasu ne. Ina filin SCG na Sydney daren da ya ci gol na 1000 a kan Geelong, Maris 2022. Kafin ƙwallon ta sauka mutane sun cika filin, aka tsayar da wasa fiye da rabin awa. Mutum shida kacal suka taɓa kai wannan adadin, kuma yadda ake wasa yanzu da tsaron baya na taron dangi, ban ga mai sake kaiwa ba. Na yanzu Isaac Heeney.

Shudi_Carlton:
Na karanta yabon Houli har na gaji. So hana ganin laifi. An manta 2017 da ya kai wa Jed Lamb namu hannu a fuska yaron ya faɗi a sume? Aka ba shi dakatarwar wasa biyu kawai saboda an kawo shaidar kyawun hali, har da kalaman firaminista Malcolm Turnbull. Sai da AFL ta ɗaukaka ƙara aka mayar huɗu. In Musulmi kuke nema, ga Adam Saad a Carlton, ya fi shi gudu, an sa shi a tawagar gwanaye a 2022.

Amma nawa na har abada Eddie Betts ne. Gol ɗin shekara sau huɗu. Daga kusurwar da ko sandunan ba ka gani sosai yake murɗa ta ta shiga, yana dariya. Na yanzu Patrick Cripps, Brownlow 2022 da 2024, shekaru yana ɗauke da kulob ɗin shi kaɗai ba kofi.

Bakano_Footscray:
@Shudi_Carlton ba a manta ba. Ya yi laifi, an hukunta shi, ya nemi yaron ya ba shi haƙuri, kuma abu ɗaya ke nan a wasa 232. Ka kuma tuna 2020, mahaifiyarsa na kwance rai a hannun Allah da korona, matarsa ta haihu, ya zauna da iyalinsa sai daga baya ya bi tawaga Queensland. A fainal ya ji ciwo a sha-raɓa tun zango na farko, ga abokin wasansa Vlastuin an riga an fitar, ya daure ya ƙarasa.

@Damisa_04 ban ce Houli ya fi Dusty ba, ba mai hankalin da zai ce haka. Dusty na kalla na yi ta mamaki. Houli kuwa shi ya sa na ji zan iya kai 'ya'yana filin nan su zauna ba a matsayin baƙi ba. Babban ɗana ya je horon da gidauniyarsa take shirya wa yara Musulmi, ya dawo yana cewa an tsayar da atisaye an yi azahar cikin jam'i. Tambayata ke nan tun farko.

Damisa_04:
Na ji, Yaya. Amma in haka ne kowa zai zaɓi wanda ya yi kama da shi, wasan kansa ya zama na biyu. Ni don ƙwallo nake zuwa.

Karen_Yamma:
Tsaya tukuna. Bakano, a Footscray kake zaune, Whitten Oval, filin Bulldogs ɗinmu, na bayan gidanka, kana bin Richmond? Wannan ai sai a zauna a yi magana.

Bob Murphy. Kyaftin ɗinmu ne, gwiwarsa ta tsinke a farkon kakar 2016, shekarar da muka taso daga na bakwai muka ci Sydney a fainal, kofinmu na farko tun 1954. Mutumin da ya sha wahalar shekarun banza duka, ranar daɗi yana gefe. Koci Luke Beveridge ya kira shi kan dandamali ya cire lambarsa ya rataya masa. Duk unguwar nan, Habashawa da 'yan Biyetnam da Turawa, ranar kowa ja da fari da shuɗi ya sa. Na yanzu Bontempelli, kuma rashin ba shi Brownlow har yau zalunci ne, sau biyu yana zuwa na biyu.

Dattijo_Coburg:
Damisa, ɗana, tambayi tsofaffin magoya bayan kulob ɗinku. Da yawansu ba Dusty za su ce ba, Matthew Richardson za su ce. Gol 800 a wasa 282, kofi ko ɗaya babu. Yakan cafko wadda ba mai iya cafkowa, ya zo gaban sanduna ya zubar, ya yi ta faɗa da kansa kowa na gani. Mutane sun so shi don ransa na ɓaci yadda nasu ke ɓaci. In lissafi ne kuma, Kevin Bartlett na nan, wasa 403, kofi biyar, gol bakwai a fainal ɗin 1980.

Anti_Bilki_Geelong:
Duk an cika zance ba wanda ya tuna mata na buga wasan nan tun 2017 a gasarsu ta AFLW. Erin Phillips ta ci wa Adelaide kofi uku bayan ta yi ƙwallon kwando a Amurka. Haneen Zreika ta GWS ita ce Musulma ta farko, 2019. 'Yata saboda ita ta shiga kulob ɗin unguwa, da ɗankwalinta da dogon wando take bugawa, ba wanda ya ce mata komai.

A maza, Joel Selwood namu na Geelong. Kofi huɗu, kullum kansa a naɗe da bandeji. Ranar fainal ɗin 2022 shi ya ɗauko ɗan Gary Ablett ƙarami, yaron da ba shi da lafiya, ya fito da shi fili a hannu. Na yanzu Jeremy Cameron.

Hafsy_Broadmeadows:
Anti Bilki wane kulob ne na 'yan matan? Ƙanwata na so amma Mama na ɗari-ɗari saboda kaya. Zan yi miki magana ta gefe.

Sani_Zariya:
Na gode Malam. Wane wasa zan nema in fara kallo?

Ummu_Sadiq_Perth:
Fainal ɗin 2018, West Coast da Collingwood. Collingwood suka fara cin gol biyar a jere. Saura ƙasa da minti biyu muna baya, McGovern ya cafke a baya, ta bi ta hannun Vardy da Liam Ryan ta iso ga Dom Sheed a bakin layi, inda ba a ci. Ya auna ya buga ta miƙe ta shige tsakiya. 79 da 74.

Zango_Kumasi:
Hajiya, an tare Maynard namu a wannan cafkar, alƙali ya kau da kai. Malam Sani ka duba da idonka ka faɗa mana.

Shaho_Dandenong:
Na shigo a makare, kuma na ga har yanzu ba wanda ya ambaci Cyril Rioli, abin ya ba ni mamaki. Yana iya taɓa ƙwallo sau goma kacal a wasa, amma goman nan su za su raba gardama. Ya bi mutum ta baya ya kayar, ya taɓe ƙwallo da yatsa ɗaya ta faɗa hannun ɗan'uwansa, 'yan baya suna waige tun bai iso ba. Kofi huɗu da Hawthorn, 2008 da uku a jere daga 2013, Norm Smith a 2015, ya ajiye wasa yana ɗan shekara 28 ya koma arewa wurin mahaifinsa da ba shi da lafiya.

Ku duba gidan ma. Tsibiran Tiwi, arewa da Darwin, 'yan dubbai ne mutanen wurin. Maurice Rioli ya ci Norm Smith a 1982 da Richmond duk da an cinye su. Michael Long da Baba Dattijo ya ambata kawun Cyril ne, ya ci a 1993. Daniel Rioli kofi uku da Richmond, Willie ɗaya da West Coast. Baban Amira, Buddy kuma kofinsa biyu duk a wurinmu ya ci, da gol 113 na 2008, don haka a bar mana kayanmu. Na yanzu ina tsakanin Will Day da Jai Newcombe, ban yanke ba. Akwai ɗan St Kilda ko Fremantle a zauren nan kuwa? Ban ji ɗuriyarsu ba.